Tambayi Magini: Ginin jami'a, mai araha za a ba ko mai iya aiki?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ware a wannan watan, duka daga nan Damagaram, kuma duka a kan abu ɗaya suke kewaye, wato yadda ake ba da kwangilar gine-ginen jami'o'in gwamnati. Ga waɗanda yanzu suka fara bin wannan fili, ni tsohon mai sa ido ne a wuraren gini. Shekara 31 na yi ina auna ƙarfe, ina ƙirga buhunan siminti, ina sa hannu ko in ƙi sawa, kafin in ajiye aiki. Da wannan idon zan amsa.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne, shekarata ta biyu a jami'ar André Salifou. A fadarmu ta shayi mun yi gardama har dare ya raba. Na ce tunda ɗalibai ƙaruwa suke kowace shekara, kuɗin ƙasa kuma kaɗan ne, duk ginin jami'a a ba wanda ya fi kowa sauƙin farashi, abin da ya yi saura a ƙara wani ɗakin karatu da shi. Abokina ya ce a'a, sai an duba inganci. Ni kuma ina ganin wannan kalma ta inganci ƙofa ce kawai ta ba ɗan gida aiki. Wa ke da gaskiya? Daga wani ɗalibi, unguwar Garin Malam.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi albarka. Na ji daɗi da shayin naku ya kai ku ga irin wannan magana, kuma damuwarka tana da tushe. A zamaninmu jami'ar gwamnati ɗaya ce tak a ƙasar nan, ta Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971. Sai a 2010 aka kafa ta Damagaram da ta Maraɗi da ta Tawa, a 2014 aka ƙara huɗu a Agadas, Diffa, Doso da Tilaberi. Kowace tana son amfi, wato babban zauren lacca, tana son ɗakunan kwana da na gwaje-gwaje da makewayi, aljihun kuwa ɗaya ne. Wanda ya ce a yi tattali bai faɗi laifi ba.

Amma zo in kai ka wurin gini ka gani da idonka.

Farashin gini ba daga sama yake faɗowa ba. Kuɗin siminti sananne ne, ko na Malbaza ne ko wanda ya shigo daga waje. Haka ƙarfe, haka tsakuwa da yashi, haka ladan magina da leburori da man mota. Duk ƴan kwangilar nan kasuwa ɗaya suke ci. Mu ɗauka misali injiniyoyin gwamnati sun ƙiyasta wani aiki a kan sefa miliyan 500. Wani ya zo ya ce zai yi a 470. Wannan ana iya gane shi: wataƙila motocinsa ne, injin kwaɓa kankare nasa ne, ko ya haƙura da wani abu daga ribarsa. To wanda ya ce 340 fa? Miliyan 160 ɗin nan daga ina za su fito? Daga cikin bango zai ciro su, kuma na san ramukan da ake cirowa.

Na farko siminti. Kankaren ginshiƙi da na dakalin bene, a ƙa'ida kilo 350 na siminti ake sa wa kowace mita kubik, wato buhu 7 na kilo 50. Idan aka mayar da shi buhu 5, launinsa bai canza ba, ran da aka cire katako ma sumul zai fito. A ginin da ya ci mita kubik 300, buhu 600 ke nan suka yi ɓatan dabo, tan 30 cur. Na biyu ƙarfe. Zane ya ce a sa rodi mai kaurin milimita 12, a sa mai 10. A ido bambancin kamar babu, amma naman ƙarfen ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma da an zuba kankare magana ta binnu, babu mai sake gani.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin namu ne na Damagaram, wato ruwa. Kankare ba bushewa yake ya yi ƙarfi ba, ɗana. Da ruwa siminti yake ƙulluwa, shi ya sa ake shayar da sabon dakali safe da yamma aƙalla kwana 7, a rufe shi da buhunan algarara masu laima, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Garinmu kuwa a kan dutse yake zaune. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga su Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda bido ke tsada a hannun ƴan garuwa idan bazara ta kankama. Wanda ya karya farashi, ruwan shayarwa yake fara yankewa, domin babu rasit, babu shaida, rana ta shanye.

Wata shekara, cikin watan Afrilu, na je duba wani ginin ɗakunan karatu kwana uku bayan an zuba dakalin sama. Ban yi sanarwa ba. Na hau tsani da hantsi, na tarar da dakalin fari fat, ya yi ƴan tsage-tsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Na dafa shi da tafin hannu, zafi kamar kaskon tuya. Na ciro makullin babur ɗina na karta, sai ga yashi yana tashi. Mai gadi, wani dattijo, ya sunkuyar da kai ya ce mini, “Malam, motar ruwa sau ɗaya ta zo.” Da na koma biro na buɗe takardun da ɗan kwangilar ya ci aikin da su, abin da ya ware wa ruwa ko na wata ɗaya ba zai kai ba, a aikin da aka yanka wa wata goma. Shi ne ya fi kowa araha, da tazara mai yawa, kuma ran da aka buɗe ambulan kowa murna yake an yi wa ƙasa tattali. Na ƙi sa hannu. Gwaji ya tabbatar da abin da makulli ya nuna, aka fasa dakalin, mutumin ya kasa ci gaba, aiki ya tsaya wata 14, aka sake kiran tayi. Abin da aka kashe a ƙarshe ya wuce farashin wanda ya zo na biyu tun farko. Ɗakin da kake so a ƙara da rarar kuɗi, a nan ya tafi. Yaran da aka yi ginin dominsu kuwa suka ƙara shekara a rumfar zana. Har yau idan na wuce wurin sai na tuna fuskar dattijon nan.

Yanzu ga abin da doka ta ce, domin ana yawan yi mata ƙarya. Tsarin ba da kwangilar gwamnati a ƙasarmu ya samo asali ne daga ƙa'idojin da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta fitar a 2005. A biro za ka ji ana cewa mwan-dizan, wato wanda ya faɗi mafi ƙanƙanta. Amma cikakkiyar maganar ita ce tayin da ya cika sharuɗɗa, aka tantance shi, sannan ya zama mafi sauƙi, kuma mai shi ya nuna yana da ƙarfin yin aikin. Har an ba da dama, idan farashi ya yi ƙasa fiye da hankali, a nemi mai shi ya yi bayani a rubuce, in bayanin bai gamsar ba a ajiye tayinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne tantancewar nan ta “ya cika ko bai cika ba” ce. Wanda ya tsallake da ƙyar da wanda ya ƙware, da zarar sun shiga zaure ɗaya suke, sai farashi ya raba su. Ga kuma tsoro: ma'aikacin da ya ajiye tayi mafi araha ya san gobe za a tambaye shi ko nawa ya karɓa, wanda kuwa ya ba mai araha aiki ya lalace, ba kasafai ake tuhumarsa ba.

Hanyar da abokinka yake nufi ita ce a raba maki. Ba baƙuwa ba ce. Da ita ake zaɓar masu zana gini da masu bincike tun da daɗewa, Tarayyar Turai ta ƙarfafa ta a dokarta ta 2014, Bankin Duniya kuma tun watan Satumba na 2023 ya mayar da ita ƙa'ida a yawancin manyan kwangilolin da ake kiran tayinsu daga ƙasashe. Ga lissafi, ka kai wa ƴan fadarku. A ce farashi maki 70, inganci maki 30. Na ɗaya ya ce miliyan 400, shi ne mafi araha, ya kwashe 70 duka, a inganci ya samu 15, jimla 85. Na biyu ya ce 440. Makinsa na farashi shi ne 400 a raba da 440 a ninka da 70, wato 63.6, a inganci ya samu 26, jimla 89.6. Shi ya ci. Na uku ya ce 520, ya samu inganci 30 cif, amma farashinsa 53.8 kawai ya ba shi, jimla 83.8, ko na ɗaya bai kamo ba. Ka ga ke nan farashi yana nan da nauyinsa, mai tsawwalawa ba ya tsira. Ina tare da abokinka a kan wannan. Zargin da ka yi na ɗan gida kuwa gaskiya ne yana iya faruwa, kuma wasiƙa ta gaba a kansa take, sai ka ci gaba da karatu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne, ina da ma'aikata 12 da tifa ɗaya. Ina jin tsoron wannan maganar maki. Farashi lamba ce, kowa yana gani. Inganci kuwa ra'ayin mutum biyar ne a cikin ɗaki. Manyan kamfanonin Yamai da na waje za su zo da takardu masu ƙyalli su kwashe komai, mu da muke garin mu koma ƴan kallo. Sannan ba ku faɗar cewa wani lokaci sai mu yi watanni muna jiran a biya mu. Daga wani ɗan kwangila, Sabon Gari.

Amsa: Alhaji, sannu da ƙoƙari. Ban ga inda ka yi ƙarya ba. Na zauna a irin ɗakin nan, na ga yadda “tsarin aiki mai gamsarwa” ke samun maki 9 a takardar wani, irinsa sak ya samu 4 a takardar wani. Idan haka za a yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da nake kira inganci shi ne abin da za a iya ƙirgawa, a je a taɓa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: a rubuta shi cikin kundin kiran tayi tun kafin kowa ya kawo ambulan, kowane sharaɗi da makinsa. Gini nawa mai girman wannan ka gama cikin shekara 5 da suka wuce, kuma a ina suke? Kwamiti ya tashi ya je ya gani, musamman wanda ya sha damina biyu. Wane injiniya ne zai zauna a wurin aikin? Na taɓa ganin takardar shaidar injiniya ɗaya a cikin tayin kamfanoni uku a rana guda, mutumin kuwa yana wata ƙasa. Maganinsa a sa sunansa cikin yarjejeniya, ya riƙa sa hannu a littafin wurin aiki, in an neme shi an rasa a ci tara. Injin kwaɓawa da na girgiza kankare, naka ne ko haya, a nuna. Sau nawa za a ɗebi kankare a kai ɗakin gwaji a murƙushe a kwana 7 da kwana 28, kuma wa zai biya? Sannan ambulan biyu. A buɗe ta aiki a gaban kowa, a ba da maki, a karanta makin a fili, sai daga baya a buɗe ta farashi. Wanda ya riga ya ga farashi, hannunsa ba ya tsayawa daidai wurin ba da maki, ko da mutumin kirki ne.

Idan aka yi haka, Alhaji, kai ke da riba a kan baƙo. Ka san inda ake samun yashi mai tsabta da inda yake cike da laka. Ka san a fili ɗaya a garin nan kusurwa ɗaya dutse ne, ɗaya kusurwar rairayi, kuma in ba a binciki ƙasa ba gefe ɗaya zai zauna ya bar ɗaya, bango ya tsage daga taga zuwa ƙasa. Ka san wa ke da motar ruwa da zai cika alkawari a watan Mayu. Da ni ke rubuta kundin ginin jami'a a Damagaram, sai na ware maki na musamman ga tsarin ruwa: daga ina, ganga nawa a rana, wane tanki za a ajiye, kuma a wane lokaci za a riƙa zuba kankare idan zafi ya haura digiri 40. Mai takarda mai ƙyalli daga nisan kusan kilomita 900 zai sha wuya kafin ya fi ka amsa wannan.

Sauran kuma aikin masu ba da kwangila ne. Babban aiki a yanka shi kashi-kashi: amfi daban, katanga daban, makewayi da magudanan ruwa daban, yadda mai ma'aikata 12 zai iya ɗaukar ɗaya. Ku ma doka ta yarda ku haɗa kai ku biyu ko uku ku kawo tayi ɗaya, kayan aikinku da tarihinku su taru. Na san haɗin gwiwa yana da wuya a tsakaninmu, kowa yana tsoron ɗan'uwansa, amma da rubutacciyar yarjejeniya ana yi, na ga waɗanda suka yi suka gama lafiya.

Tarihin aiki ma a riƙa ajiye shi. A ƙasar Hausa tun da can akwai sarautar sarkin magina, kuma magini sunansa ne jinginarsa: gidan da ya gina yana tsaye a unguwa, kowa ya san hannun wane ne. Fadar Sarkin Damagaram da ke Birni tun wajen 1850 take, da ƙasa aka gina ta. Yau kuwa mutum zai yar da aiki a wannan jiha, ya canza sunan kamfani, ya ci wani a jiha ta gaba. Kai da kake gama naka, rashin wannan rajista kai yake cuta.

Maganar jinkirin biya kuwa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ci bashin siminti yana jiran kuɗinsa wata shida, ma'aikata suna ƙofar gidansa kowace Alhamis, an tura shi bakin rami. Hukumar da ke son aiki mai kyau ta tabbatar kuɗin yana ƙasa kafin ta kira tayi, ta kuma biya a kan lokaci. Idan kuma ka ga an zalunce ka wurin maki, ka fara rubuta wa hukumar da ta kira tayin, in ba ka gamsu ba ka kai ƙara hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, wadda a da ake kira ARMP, yanzu ARCOP. Wa'adin ƴan kwanaki ne kawai, saboda haka ka karanta shi a kundin tun ranar da ka saya, kada ka tsaya sai ranka ya ɓaci.

Tambaya: Malam, ɗiyata za ta shiga jami'a bana in Allah ya yarda. Tun da ruwan 2024 ya kayar da tsohon masallacin Birni hankalina ba ya kwanciya da kowane gini. Idan an gama ginin gwamnati an karɓa, daga baya ya tsage, wa ke da alhaki? Daga wata uwa, unguwar Zango.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta sa'a, ya sa ki ci moriyarta. Faɗuwar masallacin nan a farkon Satumban 2024 ta taɓa kowa a garin nan, ginin da ya haura shekara 150 yana tsaye. Ta kuma tuna mana cewa ruwanmu kaɗan ne a shekara amma a dunƙule yake zuwa, kuma gini, na ƙasa ne ko na siminti, daga indararo da gindin bango yake fara ciwo.

Ginin gwamnati sau biyu ake karɓarsa. Akwai karɓar wucin gadi ranar da aka gama, sannan karɓar ƙarshe, galibi bayan shekara ɗaya. A tsakanin nan duk abin da ya lalace saboda aikin, ɗan kwangila ne zai gyara da kuɗinsa, shi ya sa ake riƙe wani kaso na kuɗinsa, wanda ba ya wuce kashi 5 cikin ɗari, sai an yi karɓar ƙarshe a sake masa. Babban lahani kuwa, irin wanda ya shafi harsashi ko ginshiƙi ko dakali har ya sa ginin cikin haɗari, alhakinsa yana wuyan waɗanda suka gina har shekara 10.

Ki gaya wa ɗiyarki abin da za ta riƙa lura da shi, ita da ƙawayenta, tunda su ne za su kwana a ciki. Siririyar tsaga a shafen bango kamar gashi ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda take ƙara buɗewa, ko ƙofar da a da take rufuwa yanzu ta ƙi. Haka tabon tsatsa a ƙasan dakali, da ruwan da ke kwana a gindin bango bayan an ɗauke sama. In sun ga irin wannan su ɗauki hoto da salula, su ja layi da biro a ƙarshen tsagar su rubuta kwanan wata, bayan mako biyu su sake dubawa. Sannan ƙungiyar ɗalibai ta rubuta wa sashen kula da gine-gine na jami'ar takarda, a buga musu hatimin karɓa a kan kwafinsu su ajiye. In sabon gini ne, su yi ƙoƙari takardar ta isa kafin shekarar nan ta farko ta cika, tun kason ɗan kwangilar yana hannun hukuma.